ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA: MARAYAN DA YA TASHI A HANNUN RIƘO



Ya kai ɗan'uwa ɗalibi, da ke 'yar'uwa ɗaliba, da ku iyayenmu masu karanta wannan mujalla a gida, a wannan fitowa filinmu na tarihin magabata bai yi nisa ba, nan cikin unguwa ya tsaya. Babu yaron da ya tashi a Koki da bai san sunan Ɗantata ba. Ka ji shi a bakin manya, ka gan shi a jikin motoci da gine-gine da makarantu. To amma da za a tsayar da kai a tambaye ka wace ce Tata, me za ka ce? Da yawa daga cikinmu za su ɗauka sunan mahaifinsa ne, ko na wani gari. Ba haka ba ne. Tata wata tsohuwa ce, baiwa, wadda ba ita ta haife shi ba, riƙonsa aka ba ta. Saboda haka tarihin wannan bawan Allah tarihin riƙo ne tun daga sunansa, kuma akwai darasi a cikinsa ga duk gidan da ke tunanin ɗauko yaro ya riƙe.

Asalinsa da haihuwarsa

An haifi Alhassan a shekarar 1877 a garin Bebeji, kudu da birnin Kano. Sunan mahaifinsa Abdullahi, sunan kakansa kuwa Baba Talatin. Mahaifiyarsa ana kiranta Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce. Danginsu Agalawa ne, waɗanda tare da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Gidansu ya fito daga ƙasar Katsina, suka zauna a Madobi, daga baya Abdullahi ya koma Bebeji da iyalinsa.

Ka san fataucin Gwanja ba wasa ba ne. Ayari yakan tashi da jakuna ɗauke da kanwa, da rinannun tufafi, da jemammun fatu, a ƙarƙashin madugu, a yi ta tafiya zango-zango har a kai Salaga, babbar kasuwar goro, a cikin ƙasar da ake kira Gana a yau. Tafiya da dawowa kan ci watanni da yawa. Ga koguna, ga 'yan fashi, ga kuɗin fito da ake biyan sarakunan hanya. Shi kansa goron sai an yi ta lallaɓa shi, ana buɗe huhu ana tsince wanda ya lalace, ana yayyafa masa ruwa, in ba haka ba kafin a iso Kano an yi hasara. A irin wannan gida, inda uba kan yi rabin shekara ko fiye ba ya nan, aka haifi Alhassan.

Maraici da hannun Tata

Wajen shekarar 1885, Alhassan yana da kimanin shekara 8, Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa. Bayan an raba gado, mahaifiyarsa ta tafi birnin Akara, wanda Hausawan da suke kira Ankara, ta ci gaba da kasuwancinta a can. Ba ta ɗauki 'ya'yan ta bi wannan doguwar hanya da su ba. Sai ta danƙa amanarsu a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, ita ce Tata.

Tsaya ka dubi halin yaron nan. Uba ya rasu, uwa tana wata ƙasa mai nisa, babu waya, babu mota, babu jirgin ƙasa. Abin da ya samu na gado kuma bai daɗe ba ya ƙare. Wadda ta rage masa ita ce wannan tsohuwa, wadda ba ta da dukiya, ba ta da sarauta, ba ta da ko 'yancin kanta. Ita ce ci da shansa, ita ce mai tsawata masa. Mutanen Bebeji suka riƙa ganin yaron a gindinta kullum, har suka daina cewa ɗan Abdullahi, suka koma cewa ɗan Tata. Sunan da ya bi shi ke nan.

An sa shi makarantar allo a nan Bebeji, ya yi rayuwa irin ta almajiri, yana karatu yana kuma 'yan aikace-aikace don ya sami abin kashewa. A nan ne Tata ta yi masa wani abu ƙarami wanda ya zama babba. Ta sayo asusu na ƙasa, aka kafa shi a jikin bangon ɗaki, ta riƙa sa shi yana jefa wani abu daga cikin ɗan abin da ya samo. A lokacin wuri ne kuɗi. Yaro mai jin yunwa, ka ce masa ya ajiye wuri maimakon ya sayi ƙosai, ai sai mai ƙaunarsa da gaske, mai hangen gobensa. Mutumin da daga baya aka ce babu mai kuɗinsa a Afirka ta Yamma, a asusun wata baiwa ya koyi tattali.

Tafiya wajen mahaifiya

Da ya kai kimanin shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga mahaifiyarsa. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa sauran a Akara. Ya tarar da ita cikin wadata, kuma kamar kowane yaro ya sa rai zai zauna ya huta a ɗakin uwarsa. Amma bayan ya ɗan huta gajiya sai ta kai shi wajen wani malami, ta ce ya zauna can yana karatu har lokacin komawarsa. Ya zauna, ya yi karatu, ya yi wa malaminsa hidima, sannan ya dawo Bebeji.

Kada ka yi saurin ganin laifin wannan uwa. Iyayen da suna ganin yaro ya fi yin hankali a hannun wani, shi ya sa suke kai shi gaban malami ko gidan ɗan'uwa. Abin lura shi ne, Tata ba ta hana shi sanin mahaifiyarsa ba, ba ta ɓoye masa asalinsa ba. Ya san ubansa, ya san inda uwarsa take, ya taka da ƙafarsa ya je ya same ta. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yaƙin basasa

A shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi, a ƙarƙashin Yusufu, ba su yarda ba, suka fita suka yi sansani a Takai. Wannan shi ne yaƙin basasar Kano. Yusufu ya rasu a 1894, ƙaninsa Alu ya karɓi jagoranci ya shiga birni, aka kashe Tukur a 1895. Bebeji na cikin garuruwan da wutar ta shafa, domin ana ganinsu a ɓangaren Tukur. Aka kama mutane da yawa, har da Alhassan da wasu 'yan'uwansa. Allah ya kuɓutar da shi, ya koma ya sake ɗaura ɗamarar fatauci daga tushe. Ka ga wanda baiwa ta rena, shi ma sai da ya ɗanɗani ɗacin kamu.

Daga goro zuwa gyaɗa

Abin da ya bambanta Alhassan da sauran fatake shi ne saurin gane canjin zamani. Wajen 1906, lokacin da da yawa suke nan a kan jakuna, shi ya fara amfani da jirgin ruwa tsakanin Akara da Ikko, wato Legas, yana ɗauko goro ta teku, yana kuma sayen tsakiya da murjani da yadin Turawa. Tafiyar da kan ci watanni sai ta koma ta makonni. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, hanyar ta ƙara sauƙi.

A da in ya shigo birni, wajen fatomansa yake sauka. Daga baya ya dawo Kano da zama, ya kafa gida a Sarari, nan maƙwabtan Koki, kusa da Kasuwar Kurmi. Tun daga nan sunan gidan Ɗantata ya haɗu da sunan wannan unguwa tamu.

Zuwan jirgin ƙasa ya sa Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa. Manyan attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo su ne suka fara shiga. A 1918 kamfanin Neja ya nemi Alhassan ya zama mai saya masa gyaɗa. Da ya shiga, sai ya yi amfani da abin da ya koya a fatauci: yana da yara amintattu a ƙauyuka, yana ba su jari tun kafin kaka, yana biyan manomi kuɗi hannu. Zuwa 1922 ya zama babu kamarsa a attajiran Kano. Ana danganta tsarin jera buhunan gyaɗa a yi dala da su gare shi, wato dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, an ruwaito cewa kuɗin azurfar da ya kai ajiya lodin raƙuma 20 ne. Daga asusun bango zuwa lodin raƙuma, ka ga ikon Allah.

Duk da wannan arziki, an san shi da sauƙin kai wajen ci da sutura, da ƙin almubazzaranci. Ya sauke farali, ya taimaka wa wasu suka je Makka, ya kuma ciyar da mabukata da almajirai. Wanda ya san yunwar maraici ba a koya masa tausayi.

Rasuwarsa da zuriyarsa

A 1955 rashin lafiya ta kama shi. Da ya ga jikin ya yi nauyi sai ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, su riƙe zumunci, kada su bari kasuwancin gidan ya tarwatse. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Allah ya jiƙansa.

Daga cikin 'ya'yansa akwai Ahmadu, da Sanusi wanda ya rasu a 1997, da Mamuda, da Aminu wanda ya rasu a watan Yunin 2025 aka binne shi a Madina. Ga kuma wani abin sha'awa. Alhaji Aliko Ɗangote, mahaifiyarsa 'yar Alhaji Sanusi Ɗantata ce. An haife shi a 1957, mahaifinsa ya rasu a 1965, shi ma yana da shekara 8, kakansa Sanusi ya ɗauki nauyin tarbiyyarsa. Wato riƙon da aka yi wa Alhassan a Bebeji, ɗansa ya yi wa wani marayan a Kano. Kuma ka lura, duk da a gidan Ɗantata ya tashi, sunan mahaifinsa yake amsawa.

Riƙo a gidan Bahaushe

Abin da ya faru da Alhassan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun da can, ɗan fari akan kai shi gidan kakanni bayan yaye saboda alkunya. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, 'yar'uwarta ko ɗan'uwanta kan ɗauki ɗiya ya ba ta, ta rene ta har ta aurar da ita daga ɗakinta. In mutum ya rasu, baffa ko kawu ko gwaggo su kwashi yaran. Mace ta shigo da agola, mijin kirki ya haɗa shi da nasa. Shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. Tambayi kakarka, da wuya ka ji gidanku babu wanda aka riƙa ko wanda ya yi riƙo.

Abin da shari'a ta tsara

Mafificin halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), maraya ne. Halimatus Sa'adiyya ta shayar da shi. Da mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa'i yana ɗan shekara 6, wadda ta dawo da shi Makka ta ci gaba da renonsa ita ce Ummu Aimana, mai suna Baraka, baiwa 'yar Habasha ta gidan mahaifinsa. Ya girmama ta kamar uwa har ƙarshen rayuwarsa. Sannan kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, bayansa sai baffansa Abu Ɗalibi. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, ya yi nuni da yatsunsa biyu, manuniya da na tsakiya, don ya nuna irin kusancin da mai riƙon maraya zai samu da shi a Aljanna.

To amma akwai iyaka. Zaidu ɗan Harisa (R.A.) an kama shi yana yaro aka sayar, ya faɗo hannun Nana Khadija, ta ba Annabi shi. Da mahaifinsa ya zo fansarsa, Zaidu ya zaɓi zama da Annabi, shi kuma ya 'yanta shi ya shelanta cewa ɗansa ne, bisa al'adar Larabawa ta lokacin. Aka yi shekaru ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu. Sai ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzabi suka sauka, suka soke wannan al'ada da ake kira tabanni, suka yi umarni a riƙa jingina kowane yaro ga ubansa na jini, in kuwa ba a san uban ba to ɗan'uwa ne a addini. Zaidu ya koma ɗan Harisa, amma ƙaunar da ke tsakaninsu ba ta ragu ba. Shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa a Alƙur'ani.

Wataƙila ɗalibi mai kaifin hankali ya ce, to Malam, shi Ɗantata fa, ba sunan mai riƙonsa yake amsawa ba? Amsa ita ce, laƙabi daban, nasaba daban. Akwai sahabi Miƙdadu ɗan Amru, wanda ya shahara da Miƙdadu ɗan Aswadu saboda Aswadu ne ya riƙe shi, kuma malamai ba su ga laifin kiransa haka don a gane shi ba, tunda an san ubansa. Haka Alhassan, kowa ya san ɗan Abdullahi ne, gadon Abdullahi ya ci. Abin da aka hana shi ne a shafe uban yaro a liƙa masa wani.

Ga gidan da ke tunanin riƙo

Ya ku iyayenmu, mun san akwai gidajen da aka yi shekaru ana jiran haihuwa, an sha magani, an sha gori, har aure na neman mutuwa. Akwai kuma waɗanda Allah ya ba 'ya'ya da wadata, suna son lada. Ƙofar riƙo a buɗe take, sai dai a shiga da ilimi. Ga abubuwan da ya kamata a sani.

Na farko, suna. Yaro ya ci gaba da amsa sunan mahaifinsa, a makaranta da takardar haihuwa da ko'ina. In tsintacce ne, a raɗa masa suna mai kyau ba tare da an ce wane ne ya haife shi ba. Ɗaukar tsintacce farilla ce ta kifaya a kan al'umma, kuma ɗa ne mai cikakken 'yanci, ba shi da laifin komai.

Na biyu, gaskiya. A sanar da shi asalinsa a hankali, cikin lallashi, daidai hankalinsa, kamar yadda Alhassan ya tashi da sanin nasa. Kada a bari sai ranar neman aure ko ranar rabon gado ya ji a bakin maƙiyi.

Na uku, gado. Ɗan riƙo ba ya cin gadon mai riƙonsa, na iyayensa yake ci. Amma kana iya yi masa kyautar gida ko gona ko jari tun kana da rai, ka mallaka masa a gaban shaidu. Kana kuma iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarka ba. In yana da tasa dukiyar ta gado, amana ce, farkon Suratun Nisa'i ya yi kashedi mai tsanani a kan cin ta. A adana masa har ya yi hankali.

Na huɗu, muharramaka. Riƙo kaɗai ba ya mai da yaro muharrami. In ya balaga, a kiyaye sutura da keɓewa, kuma aure ya halatta tsakaninsa da 'ya'yan gidan. Sai fa in an shayar da shi cikin shekara biyun farko. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda kuke karantawa a Risala, ko tsotso ɗaya ne ya isa cikinsa, ya zama ɗan shayarwa ga matar da mijinta. Shayarwa tana haramta aure, amma ba ta kawo gado.

Na biyar, hanya. A fara duba dangi, domin marayan da ke cikin zumunci ya fi kusa. In daga gidan marayu ne, kamar na Nassarawa a nan Kano, a bi ta hannun hukuma da kotu, a yi komai a rubuce. Sayen jariri a ɓoye haramun ne, kuma laifi ne a doka. Wannan tsari na riƙo ba tare da canza nasaba ba, Larabawa suna kiransa kafala, har yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara ta 1989 ta ambace shi da sunansa a sashe na 20.

Na shida, adalci. Wannan shi ne inda da yawa suke faɗuwa. A ɗauko yarinya da sunan riƙo, a mai da ita 'yar talla da wanke-wanke, 'ya'yan gida suna makaranta ita tana bakin murhu. Wannan ba riƙo ba ne, zalunci ne, kuma Allah zai tambaya. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya daidaita kwano da sutura da makaranta ba, gara ya bar yaron a inda yake ya riƙa aika masa da taimako.

Kai kuma ɗalibi, in akwai ɗan riƙo a gidanku ko a ajinku, kada bakinka ya kuskura ya yi masa gorin uwa ko uba. In kuwa kai ne ake riƙo, kada ka ji kanka ƙasa da kowa. Ka yi biyayya ga masu riƙonka, ka yi wa mahaifanka addu'a, ka dage da karatu.

Kammalawa

Tata ba ta bar gida ko gona da ake nunawa ba. Amanar yara aka ba ta, ta riƙe, ba ta raba su da sunan ubansu ba, ba ta kuma san abin da yaron nan zai zama ba. Yau shekara fiye da 130 ke nan, jikoki da tattaɓa-kunnen Alhassan suna amsa sunanta, kuma duk wanda ya ambaci gidan sai ya ambace ta, ko ya sani ko bai sani ba. Hausawa suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Aikinku na wannan wata shi ne, kowa ya tambayi manyan gidansu wane ne aka riƙa a danginku, wa ya riƙe shi, ku rubuto mana abin da kuka ji.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan da mahaifansa da Tata, ya ba masu neman haihuwa zuriya ɗayyiba, ya ba masu riƙon marayu ikon riƙe amana. Amin.

Wassalamu alaikum.